Waiwaye: Yadda taki ya ƙaurace wa gonakin Katsina

Ana ta muhawara a kwanakin nan kan abincin da aka noma babu takin zamani, babu feshi. Masu sayen riɗi da zoɓorodo don fitarwa waje suna nemansa, matan gida a birnin Katsina ma sai sun shinshina wake, ko za su ji warin magani, kafin a auna musu. Wasu na cewa yayi ne na 'yan boko, alhali maganar ta daɗe tana tafe.

Farkon labarin sananne ne. Farin 1973, aikin bunƙasa noma na Funtua a tsakiyar shekarun 1970, shirin ciyar da ƙasa na 1976, daga nan ga takin zamani da rangwame ya shigo gonaki. Sai 2015, da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa, da 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ta da farashin takin zamani.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne rabuwar gona da saniya. A da, da an gama girbi, manomi a ƙasar Daura yakan je ya roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara, su kwana a nan, ana matsar da makwancinsu daga wannan gefe zuwa wancan har kashi ya game gonar, manomin kuma ya ba shi damin gero. Daga cikin gari jakuna na fita da mangala cike da toka da kashin awaki. Ga gawo a tsakiyar gona, yana kakkaɓe ganye da damina, geron gindinsa ya fi na ko'ina kai. Da buhun takin zamani ya samu, aka ga duk wannan wahala ce. Kara da harawa suka zama kayan sayarwa, noma ya cinye burtali, gawo ya tafi murhu. Daga baya satar shanu a kewayen dajin Rugu ta kori makiyaya da yawa daga Safana da Batsari. A ganina nan babbar asarar take, domin ƙasar jigawa ba ta riƙe danshi in babu takin gargajiya a jikinta.

Yanzu kasuwar abincin da ba a sa wa sinadari ba ta buɗe, taki kuwa sai an saya mota-mota daga gidajen kaji da turakun masu kiwo. Mai neman takardar shaidar cewa amfaninsa babu sinadari kuma sai gonarsa ta yi shekara 2 zuwa 3 babu sinadari, a lokacin nan kuwa amfani raguwa yake yi. Magidancin da gona ɗaya ke ciyar da gidansa ba zai iya wannan jira ba, sai mai saye ya tsaya masa da taki, an kuma yanke farashi tun kafin shuka.