Shaihu Umar: littafin ya fi ko fim ɗin? Musun da ya ƙi ƙarewa a majalisarmu

Tun ranar da wani ɗalibina ya dawo daga kasuwar Ringim da fim ɗin Shaihu Umar a memori, muka zauna gindin darbejiya bayan isha'i muka kalla a waya ɗaya, mutum kusan goma kai a haɗe, har caji ya ƙare sai washegari aka ƙarasa, ake ta jefo min tambayoyi tunda ni ke koyar da Hausa a garin. To ga abin da zan iya cewa.

Malam wai da gaske firaminista ne ya rubuta shi?

Eh Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, amma lokacin bai zama komai a siyasa ba, malamin makaranta ne a Bauchi. Gasa ce Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa a 1933, ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da shi wannan ɗin. Mervyn Hiskett ya mayar da shi Turanci a 1967, bayan an kashe marubucin a juyin mulkin Janairun 1966.

Labarin me ne a taƙaice?

Shaihu ne zaune a Rauta yana ba almajiransa tarihinsa. Mutumin Kagara ne, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, 'yan fada suka ƙulla wa Makau sharri aka kore shi daga gari, ana cikin wannan rikici aka sace Umar yana ƙaramin yaro. Daga hannu zuwa hannu har Kano, ya faɗa wajen wani Balarabe Abdulkarim da ya tsallaka sahara da shi ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bazama nemansa, ita ma aka bautar da ita, sai a Tarabulus suka haɗu, ba ta daɗe ba ta cika.

To wasan kwaikwayo da fim fa?

Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali, aka buga a 1975. Fim kuma Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, tun kafin a san wata aba wai Kannywood. Ya yi shekaru a ajiye ba a ganinsa sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a Jamus a 2018.

Wanne mutane suka fi so?

Nan fa ake yin ta. Samari cewa suke fim ɗin ba ya sauri, ba waƙa ba rawa irin wadda suka saba, wani har hamma yake yana danna wayarsa. Dattawa kuma idonsu na kan rawuna da dawakai da ayarin raƙuma, Baba mai shayi ya ce shi maganar ma kaɗai ta ishe shi, Hausa ce ba gauraye. Wasan dandamali kam babu wanda ya taɓa ganinsa a tsaye a cikinmu, a aji muka karanta shi ana raba mana baki, kowa na gudun a ba shi na uwar don kar a riƙa tsokanarsa a hanyar gida.

Ni dai littafin nake bi, kuma saboda uwar nan ne. An sa wa littafi sunan ɗa amma wallahi wahalar duk tata ce. Shi bauta ta kai shi ga ilimi da daraja, ita bauta ta cinye ta ƙurmus, hanya ɗaya suka bi fa. A takarda kana da damar ka tsaya ka ajiye littafin ka yi shiru, fim kuwa ba ya jiranka. Na taɓa karanta wa innata wajen haɗuwarsu tana tsince wake a faifai, sai ta daina tsincewa ta ce, kai rufe haka nan.

Amma ai littafin bai zagi cinikin bayi ba, ko?

Wannan tambayar wani ɗan NCE ne ya yi ta da zafi, ya ce ta yaya za a nuna Abdulkarim mutumin kirki alhali fataucin mutane yake. Gaskiyarsa, ba inda marubucin ya tsaya yana wa'azi a kai. Shaihu ne ke magana, malami mai sallama komai ga ƙaddara, haka zai faɗe shi. Amma wanda ya nuna maka farmakin da ake kai wa ƙauyuka don kamo mutane, ya nuna maka matar aure 'ya mai 'yanci ta koma baiwa don kawai ta fita neman ɗanta, ban ga me ya rage ya faɗa ba. Liman ya goyi bayana, ɗan NCE bai yarda ba, ya ce sai ya sake karantawa, littafin nawa ma yana hannunsa yau sati uku.