Wa za ka ba gyaran rufin gidanka?

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, kasuwar masu rufi tana tashi ne tsakanin Afrilu da Yuni, lokacin da hadarin farko ke tasowa daga gabas, iska da ƙura na gabansa. Dare ɗaya sai unguwa ta wayi gari da kwanuka a kan titi, washegari kuma duk mai guduma da zarto ya zama kafinta. Ga tambayoyin da masu gida suka fi yi a irin wannan lokaci.

Ta ina zan fara neman mai rufi na ƙwarai?

Fara daga rufin da ya sha damina. Sabon kwano duk kyau gare shi, kuma ba a ganin yoyo a hoton da aka turo ta WhatsApp. Ka ce wa kafintan ya kai ka gidan da ya rufa shekara biyu ko uku da suka wuce. Ka gaisa da mai gidan, ka nemi izinin shiga ɗaki ɗaya, ka ɗaga kai. Silin ba ya rufa wa kowa asiri: in ruwa ya taɓa bi, za ka ga tabo ruwan ƙasa mai zobe, ko kumburi, ko fenti yana ɓarewa a kusurwa. Daga nan ka ja mai gidan gefe ka tambaye shi: "Alhaji, da ruwa ya zubo kuka kira shi, ya zo?" Ni dai amsar wannan tambaya ta fi mini duk wani yabo. Gwani ma yakan bar kusa ɗaya ba daidai ba. Abin dubawa shi ne ko yana ɗaga waya bayan ya karɓi cikon kuɗinsa.

Masu sayar da kayan gini ma sun san mutanensu. 'Yan katako na Na'ibawa da 'yan Ƙofar Ruwa a Kano, ko na Panteka a Kaduna, ko na Dei-Dei a Abuja, sun san kafintan da ke tsayawa ya zaɓi katako ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke cewa a loda masa mafi araha a rubuta rasidin mai tsada. Sai dai ka saurara da kunne ɗaya, domin wani mai shagon akwai la'ada tsakaninsa da wanda zai haɗa ka da shi.

Ƙanen matata kafinta ne. In ba wani a waje, ba za a ji daɗi ba.

In ya iya, ba shi. Amma a yi ciniki kamar yadda za a yi da bare, a gaban wani babba da ku duka kuke jin nauyinsa. Aikin "a bari kawai, ai gida ne" shi ne wanda in ya zuba ba ka da bakin magana.

Wuri ɗaya ne ke yoyo, amma ya ce sai an sauya rufin gaba ɗaya. In yarda?

Tukuna. Da farko, ya hau? Wanda ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya yanka maka kuɗi bai ga komai ba. Mai gyara na gaske yana hawa sama, sannan ya leƙa cikin silin da tocila, saboda ruwa ba ya ɗigowa daidai inda ya shiga. Yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya sauko, sai ka ga tabo a tsakiyar falo alhali ɓular tana can wajen bango.

Wuraren da aka fi samun matsala sanannu ne: ramin kusar da ta saki, mahaɗar kwano da kwano, ƙololuwar rufi inda aka kifa murfi, kwarin da rufi biyu suka haɗu, da inda masu ɗora sola ko dish suka huda suka tafi abinsu. Gidajen yayi masu farafet, waɗanda ake ɓoye kwano a bayan bango, nasu ciwon yana cikin gata, wato magudanar ruwan rufin. Rani ya tara ƙura da ganye da leda, indararo ya toshe, ruwan Agusta ya zo ya rasa hanya, sai ya taru ya koma ƙarƙashin kwano. Sau da yawa shara da gyaran gata ne maganin, ba sabon rufi ba.

Ka ba shi wayarka ya ɗauko maka hoton abin da ya gani. In tsatsa ta cinye kwanon ko'ina, ko gara ta mayar da katako gari, to maganarsa gaskiya ce, faci ɓarnar kuɗi ne. In kuwa ya kasa nuna maka, kira wani ya duba.

Ta yaya ake cutar mutum a wajen kwano?

A kauri. Dogon kwanon alminiyom da ake yankowa daidai tsawon rufi ana sayar da shi ne da mita, farashinsa kuma yana bin kaurinsa: akwai milimita 0.45, akwai 0.55, akwai abin da bai kai haka ba. Ido ba ya bambanta su in suna ajiye a ƙasa. Amma wanda ya biya kuɗin 0.55 aka kawo masa 0.45 an rage masa kusan kashi 18 cikin 100 na ƙarfen da ya saya. Siririn kwano yana lotsewa in aka taka, ramin kusa yana buɗewa da wuri, iska kuma tana yage shi daga kan kusar.

Akwai ɗan ma'aunin kauri na hannu da masu sayar da kwano ke da shi. Ka ce a auna a gabanka ranar da aka sauke kaya, kuma kar a tsaya kan fallen sama, a zaro daga tsakiya. A tuna fenti ma yana ƙara ɗan kauri. Rasidi ya fito da sunan kamfani da kauri da adadin mita. In kwanon bandir ne na gargajiya, a ƙirga a ga falle 20 ne cif a kowane bandir. Tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, a jiki yana ƙara kwanciyar hankali, amma ba ya hana ka aunawa.

Katako fa? Ai ba a ganinsa.

Shi ya sa a nan aka fi yin ha'inci. Ɗanyen katako yana da nauyi da sanyi a hannu. In aka rufa da shi, yana bushewa sai ya murɗe, kusoshi su saki, layin rufi ya yi doro. Sannan girma: abin da ake kira tu-bai-fo a kasuwa, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, sau da yawa bai cika ba, don haka ɗauki tef ka auna. Sai maganin gara. A shafe kowane katako, duk fuskokinsa da bakin da aka yanka, tun yana ƙasa. Wasu suna amfani da Solignum, wasu baƙin mai suke shafawa don sauƙin kuɗi, wasu kuma sai an gama ɗorawa su bi gefen da ake hangowa da buroshi don mai gida ya ga baƙi. Wannan na ƙarshen kwalliya ce kawai.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ɗauri. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, musamman daga baki da kusurwa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga rufi ya tashi ɗungurungum da katakonsa ya sauka a gidan maƙwabta, kusoshin kwanon ko ɗaya bai cire ba. Ba a ɗaure shi da gini ba ne. Dole katakon da ke kwance a kan bango ya kasance an kama shi da rodi ko langa-langa da aka binne cikin kankare, ba a cikin bulo ɗaya na sama ba. Tambayi kafinta yadda zai ɗaure rufin da bango tun kafin ku yi maganar kuɗi. Yadda ya amsa zai nuna maka ko ya san aikinsa.

In ba shi jinga da kaya duka, ko in sayo kayana?

In kana da lokaci, ya rubuta maka kayan da ake buƙata, ku je kasuwa tare, ya zaɓa, kai ka biya. Kuɗin aikinsa daban. Hakan yana cire masa jarabar rage kaya don ya ƙara riba, kai ma ka san inda kowace naira ta shiga. In babu hali sai jinga, to a rubuta komai dalla-dalla: irin kwano da kaurinsa, girman katako da yawansa, maganin gara, kusa, ranar farawa da ta gamawa, wa zai kwashe tarkace, da wanda ke da tsohon kwanon da aka cire. Wannan na ƙarshen yana haddasa rigima fiye da yadda ake zato, tunda 'yan gwangwan suna saye da daraja. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu.

Kuɗin aiki kuwa a raba shi. Kafin alƙalami kaɗan, wani kaso in an gama katako, wani in an rufe, sannan a riƙe ɗan wani abu, da saninsa tun farko, har sai ruwa mai ƙarfi ya sauka an duba. In rani ne, a hau da tiyo a zuba ruwa a mahaɗai. Tura kuɗi ta banki ya fi miƙawa a hannu, don yana barin shaida. Kai ma mai gida, in ya cika alkawari ka cika naka a ranar. Akwai masu gida da ke mayar da cikon kafinta kamar sadaka.

Mutum uku sun ba ni farashi, ɗaya ya yi ƙasa sosai.

Tambaye shi me ya cire. Ko dai ya rage kauri, ko ya buɗa tazarar katako, ko kuma yana shirin ya yaye maka rufi sannan ya ce kaya ba su isa ba, a lokacin da ba ka da zaɓi ga hadari ya haɗo. Araha ba ta ado.

Ni mace ce, ba zan hau rufi ba, maigidan kuma yana tafiya. Me zan iya dubawa?

Da yawa, Hajiya. Ki sa a ƙirga kaya a gabanki ranar da suka iso, a ajiye inda kike gani. Kafin a ɗora kwano ki sa a ɗauko miki hoton katako da ɗaurinsa, ki tura wa maigidan ko wani da ya san gini, domin da zarar an rufe shi ke nan. A hoton kwanon gargajiya ki duba kusa: a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma da hularta da robarta. Inda falle ya hau kan falle ta tsawo, hawan kada ya gaza inci 6. Da rana tsaka, kafin a mayar da silin, ki shiga ɗakin ki rufe ƙofa da taga. Duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai ɓullo. Kuma ki sa sharaɗi kada a yaye fiye da abin da za a iya rufewa kafin magariba.

Sai na nemi injiniya?

Don faci da sauya 'yan fallaye, a'a. Amma in ɗakin yana da faɗi sosai kamar masallaci ko aji, ko bene ne, ko za a ɗora tankin ruwa, ko rufin kankare ne ya tsage har rodi ya fito, nemi injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ko maginin da hukumar magina ta CORBON ta yi wa rajista. Rufin soro na azara da ƙasa kuma aikin maginan gargajiya ne, su suka san yaɓe da gyaran indararo; kafinta ba shi da hurumi a nan. Tsohon rufin asbestos shi ma a yi hattara: ƙurarsa tana lahanta huhu, kada a yanka shi da inji ko a farfasa shi a tsakar gida yara na wasa.

Ya karɓi kuɗi ya gudu, ko ya gama rufin na zuba. Ina zan kai kuka?

Ɗauki hoto da bidiyo lokacin da ruwan ke zuba, ka haɗa da takardarku da shaidar tura kuɗi. Fara da wanda ya haɗa ku, sannan ubangidan da ya koya masa aiki, ko shugabannin ƙungiyar kafintoci na kasuwar da yake zama. Kunyar waɗannan takan dawo da mutum fiye da barazana. In ya ƙi, mai unguwa. Kai maganar ofishin 'yan sanda ba ya cika gyara rufi, tunda saɓa alkawarin aiki magana ce ta kotu, sai in damfara ce ƙarara. Jihohi irin su Kano da Legas suna da kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi, inda mutum zai iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba. Kafin nan, ka sa a lulluɓe wurin da tampol, kuma in ruwa ya kusanci wayoyin wuta a cikin silin, kashe wutar ɓangaren daga babban makunni har sai mai gyaran wuta ya duba.