Bishiyoyin Harabar Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru

Babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. An buɗe jami'ar a 1962, ta gaji filaye da gine-ginen kwalejin fasaha da kimiyya ta Nijeriya wadda ta riga ta zama a wurin, kuma tana maƙwabtaka da tashar binciken aikin gona da aka kafa a Samaru tun 1922. Wannan tarihi ya bar wa harabar gadon itatuwa iri biyu: waɗanda aka dasa da gangan, da waɗanda aka tarar. Mai sauri zuwa lacca inuwa kawai yake gani. Sai mai yawon shan iska da la'asar, wanda ba inda ya nufa, shi ke lura da bambancin, domin dasassu a jere suke kamar sahu, na asali kuwa a warwatse, kowace a inda manomin da ya riga jami'a ya ƙyale ta.

Dasassu

Madaci ne sarkin bakin titi. Ɗan ƙasa ne, amma jera shi a gefen hanya tsari ne da ya yaɗu a zamanin Turawa, kamar yadda ake gani a tsofaffin unguwannin ma'aikata na garuruwan Arewa. Yakan kai tsawon mita 30. 'Ya'yansa ƙwallo ne mai tauri da ke tsagewa gida huɗu ya saki iri mai fukafuki. Duk wanda ya matsa kusa da gindin tsohon madaci zai ga tabo, saboda masu neman maganin ciwon ciki da zazzaɓi na sassaƙar ɓawonsa mai ɗaci. Idan sassaƙar ta zagaye gindin gaba ɗaya, hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa ta yanke, itacen ya mutu a tsaye. Asara ce babba, domin abin da ya ɗauki shekara hamsin yana girma ba a mayar da shi da dashen damina ɗaya.

Sauran dasassun yawanci baƙi ne. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, daga Indiya ta fito, ta shigo Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20, ta zauna daram har yara na ɗaukarta 'yar gida. Mangwaro da malaina su ma daga nahiyar Asiya suke. Turare, mai farin jiki da ɓawo mai saɓulewa, ɗan Ostireliya ne. Murza ganyensa a tafin hannu ya isa a gane dalilin sunan. Akwai kuma wata mai faɗin kai 'yar asalin Madagaska, wadda ke rufe kanta da jan fure a ƙarshen bazara.

Na asali

Samaru na cikin yankin dajin itacen doka, inda ruwan shekara ke kai kimanin milimita 1,000, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Manomin wannan yanki ba ya sare kowace bishiya in zai share gona, yakan bar mai amfani. Shi ya sa ake cin karo da ɗorawa da tsamiya da kuka a gefen harabar, da wajen madatsar ruwan Kubanni, da gonakin da ke kewaye. Ɗorawa ta fi kowacce cancantar a tsaya a ƙarƙashinta. Wajen Fabrairu da Maris takan rataya jajayen furanni masu kamar ƙwallo a kan dogon sili, waɗanda ake kira tutu, kuma jemagu na cikin masu yi musu barbara da dare. Daga nan 'ya'ya su fito: garin rawaya a sha, kalwa a yi daddawa, kwasfa a jiƙa a sami makuba ta daɓe da shafen katanga. Rimi kuwa, wanda unguwannin birnin Zazzau irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko suka ci sunansa, yana fasa 'ya'yansa da rani, iska ta kwashi audugar.

Sauyin yanayi a jikinsu

Da hunturu malaina da kuka sukan zubar da ganye, ƙura ta lulluɓe sauran, mangwaro kuma ya yi fure. Darbejiya tana riƙe korenta har cikin tsananin zafi, don haka a ƙarƙashinta ɗalibai da masu sayar da kayan marmari suka fi fakewa. A lokacin da rassa suka yi fayau ne ake iya hango kauci, tsiron da ke maƙale wa reshe yana tsotsar ruwan uwar ɗakinsa. Tsuntsaye ne ke shuka shi: su ci 'ya'yansa masu danƙo, su goge baki ko su yi kashi a wani reshen. Bishiyar da kauci ya yi wa yawa takan fara bushewa daga sama.