Tsaki ko Gari? Tambayoyi Kan Niƙan Girafait

Wai mene ne girafait ɗin nan?

Shi ne baƙin abin da ke cikin fensir, kuma yana cikin ɗan kabon da masu gyaran inji a Panteka ke canzawa idan ya cinye. Akwai wanda ake haƙowa daga ƙasa, akwai na masana'anta, kuma na masana'antar muke nufi. Gawayin da ake samu daga ragowar man fetur ake niƙawa, a kwaɓa da kwaltar kwal, a matse, a gasa a wajen digiri 1,000. Daga nan a ƙara masa wuta har kusan digiri 3,000.

To ina ruwan niƙa da ingancinsa?

Duk wadda ta taɓa kai masara inji ta san tsaki daban, gari daban. Gari ya fi shan ruwa. Haka ma a nan: niƙa mai laushi ta fi cin kwalta, domin kowace ƙwaya sai an lulluɓe ta. Ribar ita ce ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin kan zama ƙanana, sai abin ya yi ƙarfi. In an sassaƙa shi ya fito sumul, gefensa ba ya marmashewa. Mafi laushin, ƙwayarsa ba ta kai kaurin silin gashi ba.

Ke nan gari ya fi?

A'a, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Wajen gashi wani ɓangare na kwaltar yana fita a matsayin hayaƙi, abin kuma yana tsukewa. Idan ƙaton abu aka yi da gari zalla, hayaƙin ba ya samun hanya da sauƙi, sai ya tsage tun a murhu, a yi asara. Mai tsaki kuwa ya fi jure zafin da ke zuwa kwatsam. Shi ya sa manyan sandunan da ke kai lantarki cikin tukunyar narka ƙarfe ake sa musu ƙwaya mai kaurin milimita da dama. Ba su da kyan gani, amma suna shan wuta.

Ana iya haɗa su?

Haka ma aka fi yi. Dubi mai zuba kankare: tsakuwa ta tsaya, yashi ya cike tsakaninta, siminti ya kama. Ƙananan ƙwayoyi ne ke toshe giɓin manya, abin ya ƙara nauyi ba tare da an ɓarnatar da kwalta ba. Yawan kowanne kuwa, girman abin da za a yi da irin aikinsa ne ke yankewa.