Sito na ƙarfe ma gini ne a idon doka

A Sharaɗa da Challawa da Bompai na Kano, haka kuma a kewayen kasuwar Dawanau, manyan sito-sito na ƙarfe suna miƙewa cikin 'yan makonni, domin ana yanka ginshiƙai da ƙarafan rufi a wurin masu walda, a kwaso su a tirela, a ɗaure da noti a kan tushen kankare. Saurin aikin ya sa 'yan kasuwa da yawa suna ɗaukar irin wannan sito tamkar rumfa, wadda ba ta buƙatar izinin kowa tunda ana iya kwance ta. Doka ba ta yarda da wannan fahimta ba.

Dokar tsara birane da yankuna ta tarayya, wato doka ta 88 ta shekarar 1992, ta ɗauki duk wani aikin gini ko na injiniya da aka yi a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta a matsayin raya fili, haka ma sauya amfanin fili sauyi mai tasiri, kuma ta wajabta samun izini a rubuce kafin a fara. Ba ta ware ƙarfe daga bulo ba. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka a yau kowace jiha tana aiki da dokarta da hukumarta: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Sharuɗɗa da kuɗin da ake biya sun bambanta, amma ƙashin bayan tsarin ɗaya ne.

Abu na farko da hukuma take dubawa shi ne takardar mallakar filin da kuma amfanin da aka rubuta a cikinta. Filin da gwamna ya bayar don gidan zama ko noma, a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ba ya zama filin masana'anta don kawai mai shi ya kafa ƙarafa a kansa. Sai an nemi sauyin amfani an samu. Bayan haka sai zanen ginin, da zanen injiniya wanda yake ɗauke da hatimin injiniyan da ya yi rajista da COREN, hukumar da take kula da aikin injiniya a Najeriya.

A ganina wannan zane na injiniya shi ne ya fi kome muhimmanci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sito na ƙarfe ba shi da nauyi idan aka gwada shi da faɗin rufinsa, saboda haka babban abokin gabarsa a Arewa shi ne guguwar farkon damina, wadda take shiga ta babbar ƙofa ta tura kwanon rufi daga ciki, ta kuma ja shi daga sama. Lissafin injiniya ne yake nuna kaurin ginshiƙi, da girman kusoshin da aka dasa cikin kankare don riƙe ƙafarsa, da ƙarafan da ake gicciyawa tsakanin ginshiƙai don kada ginin ya karkace. Mai walda, kome ƙwarewarsa, yana aiki ne da abin da ya saba gani, alhali sito mai faɗin mita talatin babu ginshiƙi a tsakiya ba a gina shi da kirdado, musamman ma da yake leburori ne za su wuni a ƙarƙashinsa suna jera buhuna.

Gobara ma tana cikin lissafi. Ƙarfe ba ya cin wuta, amma idan zafi ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Celsius yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, rufin ya lanƙwashe ya rufto a kan kaya. Shi ya sa ake duba tazarar da aka bari tsakanin sito da katangar maƙwabci, da hanyar da motar kashe gobara za ta bi, da ƙofofin fita.

Akwai kuma iyakar da mutane sukan tsallaka ba su ankara ba. Muddin aka shigo da injin tankaɗe riɗi ko na gyaran zoɓo da citta, ana shirya kaya don sayarwa, wurin ya shiga ƙarƙashin dokar masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta yi masa rajista a ma'aikatar ƙwadago ta tarayya kafin a fara aiki, tare da tanadin iska da haske da mafita ga ma'aikata. Idan masana'antar babba ce, ana iya neman rahoton tasirinta ga muhalli, bisa doka ta 86 ta 1992.

Wanda ya fara gini babu izini, hukuma tana da ikon shafa masa jan fenti, ta ba shi takardar dakatar da aiki, ta ci shi tara, ko ta rushe abin da ya kafa. Wanda kuma ya samu izini sannan ya rage kaurin ƙarfe ko ya ƙara tsawon sito fiye da abin da yake cikin zane, shi ma ya karya doka, domin izinin ya shafi ginin da aka zana aka sa wa hatimi ne kaɗai.