Waiwaye: Yadda Ake Kayar da Sanata Mai Ci a Najeriya, Daga Guguwar Sak Zuwa Kiranye

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, maganar da ake yawan ji a majalisun unguwa da shirye-shiryen siyasa na rediyo ita ce wane sanata ya daɗe a kan kujera, lokaci ya yi da za a sauke shi. Sauke shin kuwa ba ya yiwuwa da baki kawai, domin tsarin mulkin 1999 bai ƙayyade wa ɗan majalisa wa'adi ba kamar yadda ya ƙayyade wa gwamna da shugaban ƙasa zango biyu. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, kuma wanda ya hau ɗaya daga cikinsu yana iya komawa sau nawa ya ga dama muddin jam'iyya ta ba shi tuta, jama'a kuma suka jefa masa ƙuri'a. Ahmad Lawan na Yobe ta Arewa yana Majalisar Tarayya tun 1999, ya koma ta Dattawa a 2007, yayin da Ali Ndume na Borno ta Kudu da Danjuma Goje na Gombe ta Tsakiya suke kan kujerunsu tun 2011.

Duk da haka, sanatoci suna faɗuwa da yawa a Najeriya, kuma abin dubawa shi ne hannun wa yake kayar da su. Idan aka bi tarihin Jamhuriya ta Huɗu a tsanake, za a ga cewa yawancinsu ba talakawa ne suka fara tuge su ba. Tun a zaɓen fid da gwani ake gamawa da su, inda gwamnan jiha yake riƙe da daliget. Shehu Sani misali ne da ya nuna fuskokin lamarin duka biyu. Ya karɓi tutar APC ta Kaduna ta Tsakiya daga hannun sanata mai ci, Janar Mohammed Sani Saleh, ya kuma ci zaɓen 2015 da sunan ɗan gwagwarmaya, amma da ya saɓa da Gwamna Nasir El-Rufai, tikitin 2019 ya koma hannun Uba Sani. Shehu Sani ya koma jam'iyyar PRP ya tsaya, farin jininsa a kafafen sada zumunta bai hana shi faɗuwa ba.

Tunanin cewa talaka zai iya haɗa kai ya kayar da mai mulki ya girmi wannan jamhuriya a Arewa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta gina kanta ne a kan ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'a da malaman zaure, tana shiga kasuwannin ƙauye tana lacca duk da ɗauri da bulala da magoya bayanta suka sha a hannun 'yan doka. Magajiyarta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, ta kuma tura mutane irin su Sabo Bakin Zuwo Majalisar Dattawa. Abin da wannan zamani ya bari gado shi ne tsari: reshe a kowace unguwa, mutum sananne a kowane akwati, da mata masu shiga gida-gida, aikin da Gambo Sawaba ta yi suna a kansa tun kafin matan Arewa su sami damar jefa ƙuri'a.

A 2003 wannan gado ya dawo da sabuwar riga. Kirarin "a kasa, a tsare, a raka" ya karaɗe Kano a shekarar da Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso, kuma ma'anarsa ita ce mai zaɓe ba zai jefa ƙuri'a ya tafi gida ba, sai ya tsaya an ƙirga a gabansa, ya kuma bi sakamakon har wurin tattarawa. Tare da shi aka sami kalmar "sak", wato a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Sak ce ta yi wa sanatocin PDP na Arewa illa mafi girma a ranar 28 ga Maris, 2015, lokacin da aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na Majalisar Tarayya rana ɗaya. Ahmed Makarfi, wanda ya yi gwamnan Kaduna shekara takwas ya kuma yi sanata shekara takwas, ya sha kaye a hannun Suleiman Hunkuyi, haka nan Bashir Garba Lado ya rasa Kano ta Tsakiya ga Kwankwaso. A ganina kuskure ne a lissafa wannan a matsayin hukuncin da mazaɓu suka yanke wa wakilansu ɗaya bayan ɗaya, domin guguwar Buhari ce ta kwashe mai laifi da marar laifi, ta kuma shigo da wasu da masu zaɓe ba su ma san fuskokinsu ba. Nadamar hakan ce ta sa a zaɓukan da suka biyo baya aka fara jin kiran a yi "wake da shinkafa", a duba mutum a bar jam'iyya.

Wanda yake neman misalin da ya fi kusa da tawayen jama'a a kan sanata guda, Kwara zai duba. Gidan Saraki ya riƙe siyasar jihar tun zamanin Olusola Saraki, wanda ya jagoranci masu rinjaye a Majalisar Dattawa a Jamhuriya ta Biyu; ɗansa Bukola ya yi gwamna daga 2003 zuwa 2011, 'yarsa Gbemisola ta yi sanata a waɗannan shekarun, sannan Bukola ya karɓi kujerar Kwara ta Tsakiya har ya zama Shugaban Majalisar Dattawa a 2015. Masu adawa da shi sun taru a kan kalma ɗaya ta Yarbanci, "O to ge", ma'ana ya isa haka, wadda ta yi sauƙin faɗa ga 'yar kasuwa da ɗan acaɓa da ma'aikacin ƙaramar hukuma mai bin bashin albashi. Sun gwada ƙarfinsu a zaɓen cike gurbi na ɗan Majalisar Wakilai a watan Nuwamban 2018, suka ci, wannan kuma ya karya tunanin da ya daɗe a zukatan mutane cewa gidan ba ya kayuwa. A ranar 23 ga Fabrairun 2019, Dakta Ibrahim Oloriegbe ya kayar da Saraki da tazara mai faɗi. Sai dai adalci ne a faɗi cewa tafiyar ba ta talakawa zalla ba ce, tun da jam'iyya mai mulkin ƙasa tana bayanta da ƙarfinta, kuma ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ɗan jihar ne da yake cikin jagororinta. Fushin na jama'a ne, amma motar da ya hau ta manya ce.

Zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya zo da wasu sauye-sauye da suka taimaki masu ƙalubalantar masu ci. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba na'urar BVAS gindin zama wajen tantance masu zaɓe, an kuma ƙara rumfunan zaɓe zuwa 176,846 tun 2021, ga ƙarancin takardun naira da ya rage yawon tsabar kuɗi a ranar, ko da yake taliya da atamfa da sabulu sun cike wani ɓangare na gurbin. A Kano ta Kudu, mazaɓa mai ƙananan hukumomi 16, Kabiru Gaya da yake kan kujera tun 2007 ya faɗi a hannun Kawu Sumaila na NNPP. Kawu ba baƙo ba ne, ya yi zango uku a Majalisar Wakilai, yana da mutanensa a gundumomi, sannan ya jingina da jar hular Kwankwasiyya wadda take da wakilai a kusan kowane akwati. A Abuja, Ireti Kingibe ta jam'iyyar Labour ta kayar da Philip Aduda da ƙuri'un mazauna birni da matasa, a Kebbi ta Kudu kuma Garba Maidoki ya kayar da Bala Ibn Na'Allah. Abin da ya haɗa waɗannan nasarori shi ne ƙuri'un masu ƙorafi sun taru a kan ɗan takara ɗaya, kuma an sami masu tsayawa a rumfa su karɓi kwafin takardar sakamako ta EC8A, wadda ita ce hujjar farko idan magana ta kai kotu.

Kotun ma ba a raina ta a wannan tarihi. Bashir Machina ya ci zaɓen fid da gwani na APC a Yobe ta Arewa a 2022 lokacin da Ahmad Lawan yake neman takarar shugaban ƙasa, Machina ya kuma yi nasara a kotun tarayya da ta ɗaukaka ƙara, amma a ranar 6 ga Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta ba Lawan tikitin da rinjayen alƙalai uku a kan biyu.

Akwai kuma shingayen da doka da jam'iyyu suka kafa tun kafin a kai ga akwati. Tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Gyaran da aka sa wa hannu a watan Mayun 2018 domin bai wa matasa dama ya rage shekarun takarar Majalisar Wakilai zuwa 25, amma ya bar na sanata a 35. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar sanata a kan naira miliyan 20, PDP kuma miliyan uku da rabi, wannan kuwa kafin a zo ga kuɗin daliget da na wakilan rumfa. Shi kuma mai ci yana da abin da zai riƙe mutane da shi: Shehu Sani ya bayyana a 2018 cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, Kawu Sumaila ya ce a 2024 abin da yake karɓa ya kai miliyan 21, ga ayyukan mazaɓu da ake rabawa a matsayin kyautar mai gida alhali kuɗin gwamnati ne. Wannan ne ya sa bin diddigin kasafi, irin wanda shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC suke yi, ya zama makami a hannun matasan mazaɓu, domin hoton rijiyar burtsatse da aka rubuta an kammala alhali babu ita ya fi dogon jawabi tasiri a rediyo.

Hanyar da ake yawan ambata idan rai ya ɓaci ita ce kiranye, kuma ita ce har yau ba ta taɓa sauke sanata ko ɗaya ba. Sashe na 69 na tsarin mulki ya buƙaci sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, sannan hukumar INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. A ƙasar da waɗanda suka fito zaɓen 2023 ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba, wannan sharaɗi yana nufin tara mutanen da suka fi waɗanda suka zaɓi sanatan yawa nesa ba kusa ba. Yunƙurin da aka yi a kan Dino Melaye na Kogi ta Yamma ya mutu a watan Afrilun 2018, lokacin da sa hannun da aka iya tantancewa ya tsaya a kashi biyar da 'yan kai cikin ɗari na masu rajista kawai, kuma a 2025 INEC ta ce takardar da aka kai a kan Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya ba ta cika adadin da ake buƙata ba. A duka biyun an yi ta zargin cewa manyan jihar ne suke bayan yunƙurin.

Masu shirin zaɓen 2027 suna fuskantar wata matsala da ta fito fili bayan 2023, wato sauya sheƙa. Kawu Sumaila, wanda aka zaɓa a NNPP domin a kayar da sanatan APC, ya koma APC a 2025, haka ma sanatocin Kebbi uku, Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, da suka ci zaɓe a PDP. Sashe na 68 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa sai idan jam'iyyar ta rabu, amma shugaban majalisa ne yake da alhakin ayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa a kanta, kuma masu sauya sheƙar galibi jam'iyyarsa suke komawa.