Taswirar ilimi da binciken korona: tambayoyi da amsoshi

Da annobar korona ta ɓarke a farkon 2020, likitoci sun sha fama da wata matsala ta daban bayan cutar kanta: rubuce-rubucen bincike sun yi ta kwarara fiye da abin da mutum zai iya karantawa. Ɗaya daga cikin dabarun da masana kwamfuta suka ɗauko don shawo kan lamarin ita ce taswirar ilimi.

Mene ne taswirar ilimi?

Hanya ce ta ajiye bayani a matsayin ƙulle-ƙulle da zare. Kowane ƙulli abu ne guda: cuta, magani, ƙwayar cuta, sinadarin jiki, alamar ciwo, ko sunan mai bincike. Zaren da ke haɗa ƙulli biyu shi ke faɗin alaƙarsu. Ga misali: ƙwayar SARS-CoV-2 mai haddasa korona ƙulli ce, sinadarin ACE2 da ke jikin ƙwayoyin halittar huhu shi ma ƙulli ne, zaren da ke tsakaninsu kuma yana cewa "tana kama shi don ta shiga". Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa tana warware dangantaka, wane ɗan wane, wance ta auri wane, har a gano baƙon da ya zo ɗan'uwa ne ta wajen kaka, ya riga ya san yadda abin ke aiki. Kamfanin Google ne ya yayata sunan a 2012, amma dabarar ta girmi wannan shekarar.

Me ya sa aka buƙace ta a lokacin korona?

Yawa. Ranar 16 ga Maris 2020, cibiyar Allen da ke Amurka, tare da Fadar White House, Microsoft da babban ɗakin karatun likitanci na ƙasar, suka fitar da wani rumbun takardu mai suna CORD-19. Ya fara da takardu kusan 29,000, yawancinsu kan tsofaffin dangin ƙwayar irin su SARS da MERS. Lokacin da aka daina ƙara masa kaya a watan Yunin 2022, ya haura miliyan ɗaya. Likitan da ke kwana a asibiti ba shi da lokacin karanta ko goma a rana.

Ba yawan kaɗai ba ne. Ilimin a warwatse yake. Masanin ƙwayoyin cuta ya rubuta nasa, likitan gaɓoɓi ya rubuta nasa, kowa a mujallar fanninsa, kuma da wuya su karanta juna.

Yaya ake mayar da takarda ta zama taswira?

Kwamfuta ce ke bin rubutun jimla bayan jimla, tana tsamo sunaye, tana rarrabe wanne ne magani, wanne ne cuta. Sai ta nemi aikatau ɗin da ya haɗa su: yana hana, yana haddasa, yana rage. A nan ake shan wahala, domin abu ɗaya yakan zo da suna da yawa. Kafin 11 ga Fabrairu 2020 ana rubuta 2019-nCoV. Daga ranar aka raɗa wa cutar COVID-19, ƙwayar kuma SARS-CoV-2. Idan ba a koya wa na'ura cewa tsohon sunan da sabon na ƙwaya ɗaya ne ba, za ta yi ƙulli biyu, zaren ya tsinke. Bayan an tace, sai a haɗa da tsofaffin rumbunan bayanan magunguna da na ƙwayoyin gado da masana suka daɗe suna tattarawa da hannu.

A allo kuma, mai bincike zai danna ƙulli ɗaya ya ga duk abin da ke maƙale da shi. Cibiyar Allen ta yi irin wannan manhaja mai suna SciSight, wadda ke nuna alaƙar sinadarai da cututtuka, har da ƙungiyoyin masu binciken da ke aiki kan batu guda.

To, ta taɓa haifar da wani abu na zahiri?

Ta taɓa, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarshen Janairun 2020, masana a kamfanin BenevolentAI da ke Landan suka tambayi taswirarsu: cikin magungunan da aka riga aka amince da su, wanne zai iya toshe hanyar da ƙwayar ke bi ta shiga ƙwayoyin halittar jiki? Zare ya kai su ga wani sinadari mai suna AAK1 da ke taimaka wa wannan shigar, daga nan ya kai su ga baricitinib, maganin ciwon kumburin gaɓoɓi na kamfanin Eli Lilly. Wani abin da ya ƙara masa daraja shi ne yana kwantar da garkuwar jiki idan ta yi tsanani, wannan tsananin kuwa daga baya aka gane yana halaka masu jinya da yawa a matakin ƙarshe. Suka buga shawararsu a mujallar The Lancet a farkon Fabrairu, tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya.

Daga nan aiki ya koma hannun likitoci. An gwada maganin kan marasa lafiya a Amurka, hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta ba da izinin gaggawa a Nuwamban 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi ga masu tsananin ciwo a Janairun 2022. Babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna ya rage mace-mace da kusan kashi 13 cikin ɗari. Taswira ta nuna ƙofa cikin 'yan kwanaki. Tabbatar da cewa ƙofar ta ɓulle ya ci shekara biyu.

Wannan tunanin sabo ne?

A'a. A 1986 wani malamin jami'ar Chicago, Don Swanson, ya lura cewa wasu takardu sun ce man kifi yana rage kaurin jini, wasu dabam kuma sun ce masu cutar Raynaud, wadda ke sa yatsu su yi sanyi su canza launi, suna fama da kaurin jini. Babu wanda ya taɓa haɗa biyun. Shi ya haɗa, gwaji kuma ya goyi bayansa daga baya. Abin da ya yi da haƙuri a ɗakin karatu shi na'ura ke yi yanzu a kan miliyoyin takardu.

Ina hatsarin yake?

Na'ura ba ta san takarda mai kyau da marar kyau ba sai an nuna mata. Batun kulorokwin ya isa misali, kuma mu nan mun san maganin tun zamanin da ake sha don zazzaɓin cizon sauro. A Maris 2020 Didier Raoult da abokan aikinsa a Marseille ta Faransa suka buga bincike kan mutum 36 kacal, suna cewa haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin, yana aiki kan korona. Duniya ta ɗauka, har aka samu waɗanda suka sha fiye da kima aka kwantar da su a Legas. Ɗaruruwan takardu suka biyo baya suna ambaton maganin tare da cutar. A taswirar da ke ƙirga yawan ambato kawai, zaren da ke tsakaninsu zai yi kauri sosai, mai kallo ya zaci hujja ce. Gwajin RECOVERY ya nuna a Yunin 2020 cewa ba ya rage mutuwa, takardar Raoult kuwa ba a janye ta ba sai Disamban 2024.

Akwai kuma matsalar korewa. "Yana rage zazzaɓi" da "ba ya rage zazzaɓi" sunayen cikinsu ɗaya ne, na'urar da ba ta ƙware ba tana iya ja musu zare iri ɗaya. Ga takardun da ake sakawa a intanet kafin sauran masana su duba su, waɗanda suka yi yawa matuƙa a lokacin annobar.

A ganina, zaren da ba shi da isnadi bai kamata a yarda da shi ba. Malaman hadisi ba su taɓa wadatuwa da jin magana ba, sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma yaya amanarsa take. Taswira mai inganci ita ce wadda in ka danna zare za ta nuna maka takardar da ya fito, shekararta, adadin mutanen da aka gwada, da ko an janye ta.

Abin da ba a rubuta ba fa?

Ba ya cikin taswira, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. A Afrilun 2020 an yi ta mace-mace a Kano. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalai ya nuna rabi ko fiye na iya zama da alaƙa da korona. Yawancinsu ba a yi musu gwaji ba, ba a buɗe musu fayil a asibiti ba. Taswirar da aka gina daga mujallun Turanci za ta cika da bayanin marasa lafiyar Wuhan, Milan da New York, ta yi shiru kan waɗannan.

Inda masana Afirka suka samu kayan aiki kuwa, sun saka nasu ƙullin. Cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ce ta fara warware tsarin gadon ƙwayar a nahiyar, a Maris 2020, masu bincike a Botswana da Afirka ta Kudu kuma su suka sanar da duniya nau'in Omicron a Nuwamban 2021.

Za a iya amfani da ita kan cututtukan da suka fi damun mu?

Za a iya, dabarar ba ta zaɓar cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, har yau ba shi da rigakafin da aka amince da shi. Sanƙarau yana dawowa duk lokacin zafi a Najeriya da Nijar. Takardun da aka rubuta kansu ba su kai na korona yawa ba, wasu da Faransanci suke, wasu kuma kundaye ne na kammala digiri da ke jibge a ɗakunan karatun jami'o'in Zariya, Kano, Maiduguri da Yamai. Sai an ɗauki hotonsu an mayar da su rubutun da kwamfuta za ta iya karantawa kafin a ja zare ko ɗaya daga cikinsu.